Ranar Da Sanda Ya Sha Nasa Shayin

Duk wanda ya taɓa kai kaya ofishin kago, wato na aika kaya gida, na Alhaji Abdulganiyyu a unguwar Naif ta Dubai ya san Sanda. In bai san fuskarsa ba, ya san muryarsa, don tun daga bakin layi ake jin ta: "A sha daidai, jama'a! A sha daidai!"

Mutumin Gusau ne, gajere, mai son wankakkiyar jallabiya. Kafin ya zo Dubai a 2016 ya sayar da tabarau a Kano, ya sayar da man tsiro da gashi a Zariya, alhali shi kansa sanƙo gare shi tun yana saurayi. Dako ya zo yi, amma a makon farko ya gano cewa bayansa ba na ɗaukar kwali ba ne. Sai ya roƙi Alhaji ɗan lungun da ke bayan ma'aunin kaya, ya jera filas biyu. Lungun nan shi ne duk abin da Sanda ya mallaka a Dubai: akwai sanyin na'ura, akwai jama'a, kuma ɗan sanda ba ya leƙowa.

Jan filas shayi ne irin wanda kowa ya sani. Koren shi ne sana'ar. Garin wani ganye ne da ake kira kiratom, wani ma'aikacin jirgin ruwa ke kawo masa a ɓoye, don hukumar ƙasar ba ta yarda da shi ba. Masu ɗaure kaya su kurɓa, ciwon baya ya gudu, su wuni suna jan igiya suna hira. Sanda yana kiransa "shayin gida", ko da yake ba a gonar uban kowa ake noma shi ba.

Ƙa'idarsa ɗaya ce: ba ya zuba wa kowa da hannunsa. Zai turo maka filas da kofi, ya juya yana kallon bango, ya ce a sha daidai. Daidai ɗin ina ya tsaya, bai taɓa faɗa ba.

Cikin masu zuwa akwai Kure, ɗan Kafanchan, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki a Al Khabaisi. Ciwon ƙugu ya kawo shi. Ya fara da rabin kofi, ya koma zuwa da gorarsa. Ya rame, idanunsa suka yi ruwan ɗorawa, ran da bai samu ba kuwa ko gaisuwa ba ya amsawa. Rannan yana kan tsani jiri ya kwashe shi, ya faɗo ya karya hannu.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, sai ga yayarsa Tabitha, mai aikin shara a otal, ta jawo shi kamar akuya. Ba wanda ya yi zancen 'yan sanda, don kowa ya san in aka je can, mai sayarwa da mai sha jirgi ɗaya za su hau a koro su gida. Alhaji ya zauna a kan wata dilar takalma, aka buɗe shari'a.

"Baba Alhaji, dubi abin da mutumin nan ya mayar da ƙanena," in ji Tabitha. "Mamarmu ta gan shi a waya ta ce wane ne wannan tsohon."

"Ranka ya daɗe, a tambaye shi," in ji Sanda. "Kure ɗan'uwa, tsakaninka da Allah, na taɓa zuba maka?"

"Ba ka taɓa ba."

"Na ce a sha daidai ko ban ce ba?"

"Ka ce."

"Khalas, magana ta ƙare! Hannunsa, bakinsa, cikinsa. Ni bango nake kallo."

"Bangon ya gaya maka abin yana kama mutum?" Tabitha ta matso. "Malam Sanda, ka san ana sabawa da shi, ka yi shiru. Ka ga yana zuwa da gora, ka ci gaba da turo masa filas!"

"Haba Anti, ganye ne fa! Ganye kamar zogale. Wanda ya san daidai, ko jaririnsa zai iya ba shi."

Alhaji ya daɗe yana shafa gemu. Sannan ya ce, "Sanda, ina yaro a kasuwar Kurmi, mai magani ba ya buɗe baki sai ya fara kurɓa a gaban mutane. Haka na taso na gani. Kai ka taɓa shan koren nan?"

Masu ɗaure kaya suka kalli juna. Shekara da shekaru, ba wanda ya taɓa ganin kofi a bakinsa.

"Ranka ya daɗe, ni dama ba mai yawan shaye-shayen ruwa ba ne."

"To daga yau ka zama. Kullum da safe kofi ɗaya a gabana, tunda kai ka san daidai. In ba ka iyawa, kwashe filas ɗinka, a lungun zan sa kwalaye."

Sanda ya dubi lungu, ya dubi ƙofa inda rana ke dafa kwalta. Ya zuba, ya yi bisimilla, ya kafa kai. Fuskarsa ta tattare wuri ɗaya.

"Yalla, maza shanye har ƙasa," in ji Tabitha.

Kafin la'asar Sanda ya ɗaga dila biyu ba wanda ya sa shi, ya ba wani ɗan Agadas tarihin kakanninsa kaf. "Kun gani?" yake cewa. "Zogale!"

Kofin safe umarnin Alhaji ne. Na hantsi kuwa Sanda ne ya ƙara wa kansa, don kawai ya tabbatar ganyen bai lalace ba. Daga baya aka sami na azahar. Kure ya sha wuyar rabuwa da abin a ɗakin yayarsa a Abu Hail, ya murmure ya koma aiki, Sanda kuma jallabiya ta fara yi masa yawa. Har masu saye suka fara ƙorafin koren filas yana ƙarewa kafin su iso.

Sai korona ta zo, aka rufe unguwar, ɗan jirgin ruwa ya ɓace, ganye ya yanke. Ran da aka buɗe ofis, Sanda ya iso yana rawar ɗari, gumi na zuba, hanci na yoyo. Ya yi atishawa ɗaya, 'yan kasuwa suka yi waje har wani ya bar takalminsa.

"Wallahi ba ita ba ce!" yake ihu. "Rashin shayi ne!"

Alhaji ya tsaya daga nesa, takunkumi har ido. "Sanda, lungun nan ya ƙare."

"Ranka ya daɗe, a yi adalci. Laifin ɗan jirgin nan ne, mugu, bai taɓa gaya mini abin yana kama mutum ba. Kai ma, Alhaji, kai ka ce in sha!"

"Ɗaya na ce. Sauran wa ya zuba maka?"

Kure, wanda ya zo duba na'urar ofis, ya leƙo daga kan tsani. "Oga Sanda, lokacin da kake zubawa, shi ɗan jirgin ina yake kallo? Teku?"

Kuren ne dai ya sauko ya ɗaukar wa Sanda filas ɗin zuwa bakin titi, ya kuma kira Tabitha ta faɗa masa asibitin da za a kai Sanda.

Yanzu kwalayen jakunkuna ne a lungun. Sanda yana dako a layin baya, da bayan nan da ya ce ba na ɗaukar kaya ba ne. In ka tambaye shi laifin wa, sai ya sauke kwali ya share gumi tukuna.

"Wanne kake tambaya," ya ce, "na Kure ko nawa?"