Yafiyar da Malam Lawali Ya Nema a Wurina

Ranar Talata da hantsi, ina tsaye a ɗan ɗakin gwajinmu na Gusau ina ƙara wa tulun ƙarfe ruwan naitirojin mai daskarar da abu, sai waya ta shigo. Bello ne, ƙanen Malam Lawali. Ya yi sallama, ya ce Malam ya cika bayan asuba, za a yi jana'iza a Bungudu ƙarfe sha ɗaya. Na yi salati, na rufe bakin tulun da kyau kamar yadda marigayin ya koya mini, sannan na zauna a ƙasa. Jiya ya cika kwana arba'in, kuma sai yau na iya ɗaukar alƙalami.

Malam Lawali likitan dabbobi ne. Shekara tara na yi a ƙarƙashinsa, na fara ina ɗalibinsa, na ƙare ina abokin aikinsa, ko da yake ban taɓa jin na wuce ɗalibi ba. Aikin da ya ba rabin rayuwarsa shi ne adana irin kajin gida. A tatsi maniyyin zakara, a gauraya shi da ruwan haɗi, a zuba a 'yan siraran robobi da muke ce wa tsinke, a daskarar a cikin tulun nan. Ko bayan shekaru, a narkar a sa wa kaza, ta yi ƙwai, a ƙyanƙyashe. Ga shanu wannan hanya ta daɗe da zama gari. Na zakara kuwa ba ya jure sanyi, yawancinsa mutuwa yake yi ko ya fito a galabaice, ƙwan ya tashi fanko. Neman haɗin da zai raya shi ne ya cinye wa Malam ƙuruciyarsa da hutunsa.

Ya sha tsokana a kan haka. A Wanke yara da manya sun sa masa suna Mai Tatsar Zakara, har wani dattijo ya taɓa tambayarsa nawa ne ƙwaryar nonon. Malam ya yi dariya har da riƙe ciki, ya zauna a tabarmar tsohon ya yi masa bayani dalla-dalla. Bai taɓa kama zakaran mutum ba sai ya nemi izinin mai shi, kuma yawanci matan gida ne masu kajin, don haka a zaure yake tsayawa ya aika. Kowane tsinke sunan mai zakaran yake rubuta wa. Na taɓa ce masa lamba ta fi sauƙi, ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Sanusi, lamba ba ta da gidan da za a maida ma ajiya."

Ajiyar da ta fi tsaya masa a rai ita ce ta Inna Dije, wata Bafulatana da ke zaune a ruga kusa da 'Yankuzo. Tana da wani jan zakara dogo, irin kajin Fulani, wanda kakanninsa suka biyo ta tun daga gidan ubanta. Mun tatse shi sau da yawa. Daga baya rashin tsaro ya tashi rugar, Inna ta dawo Tsafe wurin 'yarta da kaji uku a kwando, annobar kaji kuma ta share su a damina guda. Abin da ya rage na irin nan a duniya shi ne tsinkaye talatin a tulunmu. Malam ya je har Tsafe ya yi mata alkawari za ta sake jin caran jinin zakaranta a tsakar gida.

A bara ya tabbatar cewa wani haɗi da ya daɗe yana gwadawa, wanda ya sa masa ɗan zuma, ya fi duk sauran rai a madubin gwaji. Ya ɗan jinkirta, sannan ya yanke shawarar a gwada da rabin tsinkayen Inna, waɗanda dama dukkansu da wannan haɗin aka daskarar da su tun yana gwajin farko. 'Yar Inna ta killace kaji takwas wata guda ba su ga zakara ba. Ana saura kwana biyu ciwon ƙodar Malam ya kwantar da shi, sai ya tura ni. Umarninsa ɗaya ne, kuma na san dalilinsa tun ina aji: ba a sa wa kaza iri da safe, domin ƙwai mai ɓawo na cikinta yakan tare hanya. A jira ta saki ƙwanta, a yi bayan la'asar. Ya ce in kwana a Tsafe in yamma ta yi mini, ya ƙara da abin da ya saba faɗa: "Kaza ba ta bin agogonka, kai ka bin nata."

Na isa Tsafe ƙarfe tara na safe. A tasha na ji ana labarin an tare mota kwana biyu da suka wuce, da yamma. Tsoro ya kama ni, kuma gidan kwana a garin mutane bai kwanta mini ba. Na ce a raina sa'o'i shida ba za su canja komai ba. Kafin sha ɗaya na gama, azahar ta same ni a Gusau. Sau uku aikin ya kai ni, kuma haka na yi duka ukun. Tsoron hanya ba abin kunya ba ne, kowa a nan ya san shi, kuma da na faɗa wa Malam da ya ce a ɗaga aikin. Laifina shi ne na buɗe littafin gwaji na rubuta ƙarfe huɗu da rabi, har sau uku, da hannuna.

Ƙwai arba'in muka sa a injin ƙyanƙyasa. Ranar da za a haska su Malam ya matsa sai an kawo shi, yana dogara sanda. Muka rufe taga, ina ɗora ƙwai a bakin tocila yana dubawa. Mai rai yakan nuna 'yan jijiyoyin jini kamar saƙar gizo. Ɗaya bayan ɗaya suka fito garau kamar ruwa. Biyu kawai suka nuna alama, su ma ba su kai ba. Malam ya ɗauki littafin, ya bi ranaku da lokuta da yatsa, ya ce aikina ya yi daidai, haɗin ne bai yi ba. Ya ja layi a kan shafin zumar. Ina tsaye a gefensa, na bar shi ya ja.

Wata bakwai ya rayu bayan nan, kuma duk Juma'a ina zuwa Bungudu gaishe shi. Duk Juma'a da niyyar faɗa nake hawa mota. In na shiga sai in tarar da shi a kan katifa, takardu zube kewaye da shi, yana neman inda ya kuskure. Yakan tambaye ni ko zumar ce ta yi yawa, ko narkarwar ce, ni kuma in gyaɗa kai in ce mai yiwuwa. Ya hana a taɓa sauran tsinkaye sha biyar. Ya aika wa Inna Dije da buhun dawa da ban haƙuri. Kullum sai in ce bari ya ɗan ji sauƙi tukuna, alhali girmana nake tattali, ba lafiyarsa ba.

Juma'ar ƙarshe ya sa aka fita aka bar mu mu biyu. Ya kama hannuna, nasa ba nauyi ko kaɗan, ya ce, "Sanusi, na ɓata ma shekaru bisa hanyar da ba ta hita ba. Da ka bi wani malami da yanzu ka yi nisa. Ka yahe mani." Ga ƙofa an buɗe mini har bango. Na sunkuyar da kai na ce, "Na yafe, Malam." Ya yi murmushi ya ce Allah shi yi mani albarka. Wannan ce magana ta ƙarshe tsakaninmu, kuma da ita nake kwana nake tashi.

Bayan sadakar uku na ɗauki sauran tsinkayen na tafi Tsafe, wurin wasu kajin da aka killace. Na zauna a zauren 'yar Inna har aka yi la'asar, na yi aikin, na kwana a garin, ba abin da ya ci ni. Makon jiya na haska ƙwai talatin da biyu. Sha tara suna da jijiya. Na kashe tocilar na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba.

Shekaranjiya na je na faɗa wa Hajiya Luba, matar Malam, komai, ban rage ba. Ta saurara har na gama. Sannan ta ce a watannin nan abinci ma sai ta yi da gaske yake ci, saboda takardun nan. Ta ce, "Shi dai na ji da kunnena ya yahe ma kowa, wanda ya sani da wanda bai sani ba. Ni kau ka ba ni kwana biyu." Ta yi gaskiya, kuma zan jira ko nawa ne.

Allah Ya jiƙan Malam Lawali, Ya gafarta masa, Ya yalwata kabarinsa da haske, Ya sa ciwon da ya sha ya zama kaffara. Allah Ya ba Hajiya Luba da 'ya'yansa biyar da ƙanensa Bello haƙurin wannan rashi, Ya tsaya musu a inda shi yake tsayawa. Masu karatu, in kun roƙa masa rahama ku roƙa mini gafara, don na fi shi buƙata. Ya Ubangiji, bawanka ya koma gare Ka yana zaton aikinsa ya faɗi, kuma ni na bar shi da wannan zato. Abin da na kasa faɗa masa yana raye, Ka isar masa da rahamarka: haɗinsa ya yi.