Tsohon da ke Neman Ɓauren Mahaifiyarsa

A kasuwar dashe ta Kandahar ɗan baffana Zmarak yake sayar da rassan ɓaure, ni kuma ina taya shi da shan shayi. Yau ga wani tsoho a gabanmu, rawaninsa ya isa a yi wa jaki uku shimfiɗa, haƙora biyu ne kacal a bakinsa, su ma ba sa ga maciji da juna.

Yana kankare kowane reshe da farce, in ya ga kore a ciki ya gyaɗa kai. Can ya zaro hoton da aka yago daga tsohon littafin masu sayar da dashe. Hoton ya koɗe har ɓauren ya koma kamar albasa.

"Irin wannan nake nema, ɗana. Shi ne a tsakar gidan mahaifiyata."

Ina jin an sare bishiyar tuntuni, ɗanɗanon ne ya ƙi barin harshensa.

Zmarak ya sosa ƙeya. "Kaka, reshen da ba ganye ai duk kamarsu ɗaya. Sai ya yi 'ya'ya za ka gane, nan da shekara uku."

"To ɗaure min kowane iri ɗaya-ɗaya."

Na ce, "Shekara uku fa, Kaka! Haƙoran nan za su kai?"

Ya yi dariya har rawanin ya karkace. "Kai, mai bakin tsiya, rake na ce zan shuka? Ɓaure ko da dasashi ana shan sa."

Ga shi can yana kutsawa cikin taro, ya rungume damin kamar jariri.