Kabejin da Ya Tona Asirin Ngo Nvou

Duk ƙauyenmu na bayan Bukuru babu mai kukan babu kamar Ngo Nvou. Ka ce mata ya lambu, sai ta ce tsutsa ta gama da ita. Ƙarya take yi, kuma mu mata mun san dalili.

Filin ba nata ba ne, don mace a wurinmu ba ta gadon ƙasa. Da mijinta ya rasu, wansa Chuwang, wanda muke kira Da Chuwang don girmamawa, ya ba ta aron wani fako a bakin tsohon ramin kuza, inda ko ƙaya ba ta fitowa. Ta yi ta jido tokar bola daga gari da kashin kaji, tana ɗebo ruwan ramin da bokiti har hannunta ya yi kanta. Yau kabeji da karas da take nomawa a wurin su ke riƙe da 'ya'yanta a makaranta, su suka saya mata injin ban ruwa. Ko gishiri ba ta roƙon kowa.

To, a nan tsoron yake. Ƙasar aro in ta gyaru, mai ita sai ya tuna da ita. Shi ya sa ta kewaye lambun da masara don kada a hango daga hanya, ko coci ma da tsohon zane take zuwa.

Bana kabejin ya ci amanarta, kowane kai kamar tulu. Baiwar Allah ta rame don fargaba, ko akuya ta motsa masara sai gabanta ya faɗi.

Ranar Asabar kuwa ba akuya ba ce. Da Chuwang ne da sandarsa.

"Matarmu, ashe abin da kika ɓoye ke nan?"

"Ina fa, Da! Ganye ne kawai, ciki duk tsutsa."

Bai ko kalli kabejin ba. Tsugunawa ya yi ya damƙo ƙasa, baƙa wuluk, ya murza, ya sansana.

"Kai, ƙasar nan ta warke! Da ma ɗana Dalyop ya gaji da zaman banza a Jos, sai ya zo ya kama nan." Ya nuna wani tudun farin yashi can gefen ramin. "In kin cire wannan, sai ki koma can. Ke ai hannunki magani ne."

Ta durƙusa ta yi godiya, don in ba ta gode ba, ko tudun ba za ta samu ba. Har kabeji biyu ta yanko masa ya kai gida.