Hanyar Fitar Malam Issaka

Ban taɓa mantawa da ranar da aka gwada motar Malam Issaka ba, cikin watan Mayu na shekarar da aka ba ni shugabancin sashen walda a garejinmu na Bronx. Ku da kuka zo daga baya kun tarar da hotonsa a bango, amma ba ku san dalili ba.

Mutumin Kumasi ne, mazaunin unguwar Morrisania a nan Bronx. Tasi yake ja kafin hatsari ya kashe masa ƙafafu. Ya shigo mana a keken guragu, da wata jar mota mai ƙofa biyu, yana so a mai da ita ta tsere.

Na ce, "Malam, ka yi shawara da iyali kuwa?"

Ya ce, "Injiniya, madam ta gaji da magana. Kai ma za ka gaji. Yi aikin kawai."

Ga waɗanda ba su san tsarin ba: motar tsere rage mata ake yi kafin a ƙara. Mukan cire kujeru da shimfiɗa, mu ƙarfafa birki, sannan mu ɗinka keji na bututun ƙarfe a ciki, domin ko ta kife kada ta matse direba. Mai da totur da birki zuwa hannu bai ba ni wahala ba. Abin da ya tsaya mini a rai wata ƙa'ida ce: dole direba ya fita daga motar shi kaɗai, sanye da hular kwano, cikin ɗan lokacin da aka ƙayyade, saboda gobara. Wanda ya kasa, ba zai hau titin tsere ba.

Kejin da ke kare mutum shi ne kuma ke tare masa ƙofa. Mai lafiya da ƙafa yake dogarawa ya tsallake. Na sassauko da ƙarafan ƙofar iyakar yadda ƙa'ida ta yarda, na sa sitiyari mai cirewa, na liƙa mariƙi a sama. Duk da haka na riƙa tambayar kaina: taimakonsa nake yi, ko kuwa ina gyara masa hanyar halaka?

Kowace Asabar bayan la'asar yakan zo ya gwada, yana faɗowa kan tsohuwar katifa. Makonni yana wuce lokacin da aka ƙayyade.

Ranar gwajin, a filin da ke bayan gari, babu katifa, sai kwalta. Jami'in binciken, wani dattijon Bature, ya dubi keken, ya tambaya a hankali ko a shimfiɗa masa wani abu.

Malam Issaka ya ce, "Ranar wuta wa zai shimfiɗa mini?"

Aka ba da alama. Ya kwance bel, ya fizge sitiyari ya ajiye, ya kama mariƙin, ya ɗaga dukan jikinsa da hannuwa biyu. Ya zaro ƙafafunsa kamar mai sauke kaya, ya saki kansa a kan kafaɗa, ya mirgina nesa da motar. Ban ga motsi ɗaya da ya tafi a banza ba. Makanikan da ke kusa duk suka tsaya da sifana a hannu. Ni da na auna kowane ƙarfe a motar nan, ban san jikin ɗan Adam zai iya haka ba.

Jami'in ya dubi agogonsa, ya je ya manna takardar izini a jikin kejin.

Daga kwance Malam Issaka ya ce, "Injiniya, kawo keken mana, ko nan zan kwana?"

Har yau ban warware tambayar da na yi wa kaina ba. Amma tun daga ranar, in aka kawo mota ba na fara buɗe inji. Nakan zaunar da mai ita a ciki, in ce ya nuna mini yadda zai fita.