Furar da Na Manta a Flas ɗin Baba

Lokacin da abin nan ya faru ina da shekara ashirin da 'yan kai, na gama kwalejin ilimi ina zaman jiran aiki a gidanmu a Kontagora. Ni ce auta, kuma ni ce mai bakin gidan. In aka ce kar a yi abu sai na ji dalili, in dalilin bai kwanta mini ba in yi gabana. Babanmu tsohon malamin dabbobi ne, ya shafe shekaru yana yi wa shanu allura a gandun kiwo na Bobi, kuma ko da ya yi ritaya bai daina zuwa ba. Duk Asabar sai ya goge babur ɗinsa, ya ɗaure flas ɗin shayi a baya, ya tafi wajen abokansa makiyaya. Da yamma ya dawo yana ƙanshin hayaƙin ruga, da kindirmo a galan, ya baje a tabarma yana ba mu labarin saniyar da ta haihu da wadda ta yi masa harbi, mu yi ta dariya har Inna ta ce mun ishe ta. Wallahi har yau in Asabar ta yi sai kunnena ya riƙa jiran ƙarar babur ɗin nan.

Flas ɗin na ƙarfe ne, kore, ya lotsa a gefe, murfinsa na murɗawa. Doka ɗaya Baba ya kafa a kansa: shayi ko ruwan zafi, ban da komai. Ni kuwa na ɗauka rigimar tsufa ce kawai, don na ga ƙawayena a makaranta har lemon kwalba suke juyewa a flas don ya riƙe sanyi. Wata Laraba ana zafin bazara na dama fura da ragowar kindirmon, na zuba sukari da ƙanƙara, na juye a flas ɗin na murɗe tam. So nake Baba ya dawo daga masallaci ya sha mai sanyi, in ya yaba kuma in ce masa ai ga dokarsa nan ta faɗi. Kafin ya shigo aka bugo waya ƙanwarsa ta rasu a Tungan Magajiya. Gida ya rikice, muka ɗunguma gaba ɗaya, sai yammacin Juma'a muka dawo. Furar nan tana can a ɗakinsa mai rufin kwano, ni kuwa na manta da ita sam.

Da safiyar Asabar ya ɗauko flas zai zuba shayi. Murfin ya cije, sai ya rungume shi a ƙirji ya sunkuya ya murɗa da ƙarfi. Ina shara a tsakar gida na ji ƙara kamar taya ta fashe. Na iske shi a durƙushe ya dafe idonsa na hagu yana salati, fura ta watsu har bango, ɗakin ya cika da warin tsami. A asibiti likita ya yi mana bayani cewa nono da sukari in aka toshe su ci gaba suke da tsami suna tara iska, har murfi ya tashi kamar an harba shi. Ya tambaya wa ya zuba. Sai na ji muryar Baba: "Ni na zuba na manta, likita. Tsufa ne."

Idon bai dawo ba. Bayan wata biyu ya gwada hawa babur, ya kasa gane nisan abin da ke gabansa, ya jingine shi a zaure. Makiyayan sukan zo gaishe shi da kindirmonsu, amma Asabar ɗinmu ta tafi ke nan. Rannan na same shi shi kaɗai na durƙusa ina kuka zan yi magana, ya ɗaga mini hannu. "Auta, don in sha sanyi kika yi. Kar in ƙara jin zancen nan." Ban iya gaya masa rabin niyyata ta cin gardama ce ba, har Allah Ya karɓi ransa ban gaya masa ba. Yayyena kuma har gobe sun ɗauka mantuwarsa ce, sai in sun karanta wannan.

Abin da na koya shi ne, ba kowace dokar babba ce take zuwa da dalilinta a baki ba. 'Yan'uwa, don Allah kar ku toshe nono, zoɓo, kunun tsamiya ko lemo mai gas a flas ku bar shi ya kwana. Tsamin yana iya cin cikin tsohon flas, iskar kuma ba ta da wajen fita. In murfi ya cije, ku kawar da fuskarku kafin ku murɗa. Flas ɗin Baba yana wajena yanzu, ba murfi. Duk Asabar nakan sauko da shi in goge, in yi masa addu'a, in mayar.