Fitila Mai Lamba Ɗari Biyu da Goma Sha Huɗu

Ban taɓa mantawa da ranar Litinin ɗin da na canza batirin fitilar Iliya ba, ko da yake an rufe ramin haƙar ma'adinan yanzu, kar ɗin ma'aikata, motar da ke kai mu aiki, ma ta daina tsayawa a ƙofarmu. Ku da kuka shigo aiki bayanmu, ku saurara.

Shekara goma sha tara na yi a ɗakin fitilu, wanda muke kira lampisteri. Duk wanda zai sauka ƙarƙashin ƙasa sai ya biyo ta tagata ya karɓi fitilar da zai maƙala a hularsa. Kowa da lambarsa. Idan fitila ta fara rauni, mai ita ya cika 'yar takardar da muke ce wa bon, ni kuma in gyara kafin posti na gaba, wato zagayen aiki na gaba. Doka ke nan.

Iliya ɗan garinmu ne daga wajen Maradi, majami'armu ɗaya a Arlit. Aikinsa ƙwanƙwasa rufin rami da sandar ƙarfe, ya saurari amon dutse, ya duba tsaga kafin sauran su shiga. Shi ne kuma ya auri Rahila, wadda na shekara uku ina rubuta wa wasiƙu, wadda murmushinta ya fi mini ruwan sanyi a watan zafi. Ba wanda ya tilasta ta, ita ta zaɓa. Wannan ne ya fi ciwo. Shekara shida ina miƙa masa fitila ba tare da na ɗaga ido ba.

Wata rana ya ajiye bon ɗinsa, ya ce, "Ɗan'uwa, tana dushewa kafin azahar." Na tura takardar ƙarƙashin sauran. Mako uku tana nan. Ban yi nufin ya mutu ba, Allah shaida. So nake kawai ya ɗanɗana duhu, kamar yadda na ɗanɗana.

Ran Lahadi, fasto ya yi wa'azi a kan alherin Allah. Tsohon makaniki ne, ba ya dogon Turanci. Ya ce, "Ku masu sauka rami, iskar da kuke shaƙa a can ƙasa, wa ya saya? Daga sama ake hura muku ita. Injin ba ya tambayar wane ne mai kirki, wane ne mai zagin matarsa. Haka Almasihu ya same mu, ba mu cancanta ba. To, wanda aka ba kyauta haka, da wane ido zai tsaya yana auna wa ɗan'uwansa?" Bai tsawata ba, bai ambaci wuta ba. Da ya tsoratar da ni, da na taurare. Amma sai na ji kunya mai daɗi, irin ta ɗan da ya yi laifi aka ajiye masa tuwo.

Litinin da safe na riga kowa isa. Na ɗauko fitilar Iliya, mai lamba ɗari biyu da goma sha huɗu, na sa sabon batir, na goge gilashin. Shugabanmu, Shef Agali, yana shan shayinsa yana kallona.

"Malam Yohanna, yau fitilar kishiyarka ce ke shan gata? Ko aljanu sun sauka?"

"Wa'azi ne ya kama ni, Shef."

"To, Allah ya ƙara wa fastonku lafiya. Ka kai masa sauran ma'aikatan ma."

Wajen ƙarfe goma aka buga ƙararrawa. Rufi ya rufta a wani lungu, Iliya na ciki. Masu ceto suka yi ta tono har bayan la'asar. Wanda ya jagorance su ya gaya mini daga baya cewa sun kusa juyawa wani ɓangaren, sai suka hango siririn haske ta tsakanin duwatsu. Da tsohon batirin ne, da tuni ya mutu. Sun fito da shi da rai, amma ƙafarsa ta dama ta tafi.

Mutane suka yi ta yaba mini. Ni kuwa na kasa cin abinci, domin na duba rajista, na ga Iliya ne ya duba wannan rufin ran Alhamis, da fitilar da na ƙi gyarawa.

Na je likita inda aka kwantar da shi. Rahila na zaune a bakin gado tana yi masa fifita, ta rame, idanunta sun yi ja. Na durƙusa, na faɗi komai. Ta kau da kai.

Iliya ya kalli silin. Sannan ya ce, "Na san ka ɓoye takardar. Ai ina ganin gefenta ta taga."

Na ce, "Da fitilar na da kyau, da ka ga tsagar?"

"Wataƙila. Wataƙila kuma a'a. Tashi, Yohanna. Ni ma ina majami'a ran Lahadi, wa'azi ɗaya muka ji."

Wata huɗu ina zuwa kullum bayan posti, ina ɗaga shi, ina yi masa wanka, ina koya masa tafiya da sanduna a tsakar gida. Ba don in biya ba, ƙafa ba ta biyuwa. An yafe mini ne, hannuwana suka rasa inda za su zauna. Bayan haka suka koma Maradi. A tasha Rahila ta ce, "Sai wata rana," ta juya ta shiga mota.

Abin da aikin nan ya koya mini shi ne, ran mutum yakan rataya a hannun wanda ba ya ko gaishe shi. Alherin Allah ba ya makara, amma namu yana makara. Nawa ya iso ran Litinin, alhali tun ran Alhamis ake bukatarsa. Idan zuciyarku ta motsa ku yi wa wani kirki, kada ku jira Lahadi.