Ranar da Na Kwaikwayi Kawu Ado

Wata Laraba ce a tsakiyar damina, shekara huɗu kafin mulkin kai. Ina ɗauke da farantin ƙuli-ƙuli na biyo ta bakin gandun dagacin ƙauyenmu, can gefen Tudun Wada, sai na tarar da magidantan garin kaf a zaune a kan kunyoyi, kowa ya kifa fartanyarsa a gabansa, ba mai noma, ba mai magana. Har makaɗi ya rataye gangarsa a reshen ɗorawa. A zamanin, duk damina sai mutum ya bar gonarsa ciyawa na ci, ya je ya nome ta dagaci kyauta. Ran nan kuwa sun zo, amma sun ƙi.

Shekarata tara. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba, sai dai Allah ya ba ni kunne. Mutum ya yi magana sau ɗaya a gabana, to na ɗauke muryarsa har da tarinsa. In muna surfe ko muna tsinkar zogale, ƙawayena su ce, "Hanne, yi mana mai daddawa," in yi, a yi ta shewa. Matan kulle kuwa ni ce rediyonsu. Ba sa taɓa farantina sai na yi musu muryar wani.

Kwana biyu kafin zaman gandun, Inna ta aike ni da kunu zauren ƙaninta, Kawu Ado, tela mai in'ina, wanda ya shiga jam'iyyar nan ta talakawa. Na same shi da mutane kewaye da keken ɗinkinsa yana cewa, "Mu-mu je, amma kada wanda ya sa-sari ƙasa." Na ajiye ƙwarya na fito da maganar a kunnena.

Washegarin zaman na shiga talla gidan dagaci. Uwargidansa ta ce, "'Yar nan, yau wa kika kawo mana?" Sai na gyara hular da ba ni da ita, na lumshe ido ɗaya yadda yake yi, na zuba musu Kawu Ado tas. Mata suka yi ta dariya har da riƙe ciki, aka ce in sake, na sake, ina ta jin daɗi. Ashe dagaci na alwala a bayan danga.

Ranar kasuwa 'yan doka suka zo. Suka ɗaure Kawu da igiyar shanu, aka aske masa rabin kai a gaban mahauta, aka tasa shi gaba a ƙafa. Alƙali ya ɗaure shi wata shida. Sauran mutane suka koma gandu suna noma kai a ƙasa. Da jarida ta iso, malamin elementare ya karanta wa jama'a a gindin ceɗiya, wai wani mai ta da fitina ya so ya ruɗi mutane, amma talakawa masu biyayya suka fallasa shi da kansu. Babana ya ce, "Wane talakan?" Ina tsaye a bayansa da faranti. Kullum in Inna ta idar da salla sai ta ce Allah ya tona asirin munafukin da ya kai ƙaninta, ni kuma in ce amin.

Kawu ya dawo bayan kaka, ya rame, wuya kamar na zabo. Wata rana ya kira ni zaure, ba kowa sai mu biyu, ya ce, "Ha-Hanne, an ce kin iya ni. Yi in ji." Na sunkuyar da kai. Ya dube ni ya daɗe, ya ce, "To ba-bari. Je ki, yarinta ce." Bai taɓa faɗa wa Inna ba har ta koma ga Allah, har shi ma ya bi ta.

Bara wata 'yar jami'a ta zo da na'urar ɗaukar magana, tana bincike a kan boren talakawan wancan zamani. Ta nuna min hoton shafin jaridar a wayarta, ta ce, "Iya, su waye suka fallasa shi?" Na riga na ba ta labarin fartanyu da askin da komai. Da ta zo kan wannan tambaya sai na ce bari in duba tukunya.

Yanzu ba mai noma wa dagaci kyauta, yara na faɗin abin da suka ga dama a rediyo da waya, kuma ba su san wanda aka aske wa rabin kai a kan haka ba. Nakan so a ce zauren nan yana nan, in shiga da kunu in fito ban ji komai ba. Kawu ya rufa min asiri shekara talatin, ni kuwa nasa ko kwana huɗu bai yi a bakina ba.